Na'urar Sauraron Murya a Ɗaki: Ƙaramin Allo ko Cikakkiyar Kwamfuta?

Tun da kamfanin Amazon ya fito da lasifikar Echo a watan Nuwamban 2014, gidaje da yawa a Amurka da Turai suka saba da ba da umarni da baki: a ce a kashe fitila ta mutu, a tambayi yanayin gari a ji amsa nan take. Sai dai daɗin ya zo da tsadarsa. A 2019 kafar Bloomberg ta bankaɗo cewa akwai ma'aikatan da ke sauraron wasu daga cikin muryoyin da Alexa, mataimakiyar murya da ke cikin Echo, ta naɗa. A 2023 Amazon ta amince ta biya tarar dala miliyan 25 kan ajiye muryoyin yara, sannan a ƙarshen Maris na 2025 ta cire zaɓin da ke bai wa masu wasu samfuran Echo damar hana muryarsu fita daga gida. Irin waɗannan abubuwa ne suka karkatar da masu kishin sirrin gidansu zuwa ga Home Assistant, manhajar da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya duba ya gyara. A wannan tsari, uwar kwamfuta guda ce ke zaune a wani lungu tana aikin fahimta, sai a rarraba ƙananan na'urori masu makirfo da lasifika a falo da kicin da ɗakin kwana, waɗanda masu harkar ke kira satalayit. Gardamar da ta raba kan masu haɗa su ita ce: da me za a gina wannan na'urar ɗaki? Wasu na ganin sai cikakkiyar kwamfuta mai Linux irin Raspberry Pi, wasu kuma na ganin ƙaramin allon ESP32-S3 ya wadatar. Ni ina tare da ɓangare na biyu a yawancin ɗakuna, da sharaɗin kada a yi rowa wajen sayen kayan jin magana.

Kafin a auna hujjoji, ya kamata a san yadda aikin ke rabuwa. Idan mutum ya yi magana, matakai biyar ne ke biyo baya. Na farko a gane kalmar kira, wato sunan da ake ambata don na'urar ta farka, kamar "Okay Nabu". Na biyu a mayar da maganar rubutu. Na uku a gane abin da mai maganar ke nufi a aiwatar. Na huɗu a mayar da amsar murya, na biyar kuma a fitar da ita ta lasifika. Matakai uku na tsakiya su ne masu nauyi, kuma a uwar kwamfuta ake yin su, da manhajoji irin Whisper mai mayar da magana rubutu da Piper mai mayar da rubutu murya. Abin da ya rage wa na'urar ɗaki shi ne ta ji, ta gane an kira ta, ta miƙa saƙo, ta dawo da amsa. Matsayinta ke nan na ɗan aike tsakanin mai tambaya da malami: ba a neman ya haddace littattafai, ana neman ya ji saƙon daidai, ya yi sauri, kuma a same shi a bakin ƙofa duk lokacin da aka neme shi. Duk wanda ya fahimci wannan rabon aiki zai ga cewa tambayar ba wace na'ura ta fi ƙarfi ba ce, tambayar ita ce wacce ta fi cika waɗannan sharuɗɗa uku da ƙarancin wahala.

Masu goyon bayan Raspberry Pi ba su da ƙarancin hujja. Samfurin Zero 2 W, wanda ya fito a Oktoban 2021 a kan dala 15, yana da ƙwaƙwalwa mai sassa huɗu da ma'adanar aiki ta megabait 512, kuma yana gudanar da Linux irin wanda ke kan manyan kwamfutoci. Ma'anar wannan, a cewarsu, ita ce 'yanci. Kana iya jona masa kowane makirfo mai USB, har da irin lasifikokin taron ofis na Jabra da aka ƙera don jin magana daga nesa. Kana iya ɗora masa openWakeWord, manhajar da David Scripka ya rubuta, ka koya mata kalmar kiran da ranka ke so. Kana iya sa shi ya haɗa aikin sauraro da na kunna waƙoƙi ko karatu a ɗakuna da yawa lokaci guda ta hanyar Snapcast, ko ka ƙara masa kyamara da allon taɓawa. Idan wani abu ya lalace, akwai taskar bayanan aiki da za ka buɗe ka karanta, akwai kuma ɗimbin masu amfani da Linux da suka taɓa cin karo da irin matsalar. Idan ka gaji da shi a matsayin na'urar sauraro, gobe ka mayar da shi wani abu daban, kuɗinka bai tafi a banza ba. Michael Hansen, wanda ya ƙirƙiri manhajar murya ta Rhasspy kuma ya koma Nabu Casa, kamfanin masu Home Assistant, a ƙarshen 2022, da kansa ya rubuta manhajar satalayit ta Wyoming don irin waɗannan alluna, don haka ba za a ce hanyar ta 'yan gefe ce ba.

Ɓangaren ESP32-S3 kuwa hujjarsu ta ginu a kan ƙarancin abin da zai iya lalacewa. Wannan allo na kamfanin Espressif da ke Shanghai yana gudu ne a megahaz 240 kawai, kuma ma'adanarsa ta ciki ba ta wuce kilobait 512 ba, ko da yake ana ƙara masa megabait 8 daga waje a samfuran da ake amfani da su don murya. Ba shi da cikakken tsarin sarrafawa irin Linux, manhaja guda ce ke zaune a cikinsa, wadda ake haɗawa ta hanyar manhajar ESPHome. Saboda haka yana tashi cikin 'yan daƙiƙu, ba ya dogara da katin memori, kuma idan aka zare masa wuta ba zato ba abin da yake cikin rubutawa da zai ɓaci. Raspberry Pi kuwa a kan katin memori yake rayuwa, kuma sanannen ciwonsa shi ne lalacewar katin idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu. Akwai dabarun rage wannan haɗari, kamar kulle katin ya zama na karantawa kawai, amma kowace dabara ƙarin aiki ce a wuyan mai gida. Wanda ke da na'urori biyar a ɗakuna biyar, idan Linux ne a cikinsu, to kwamfutoci biyar yake kiwo, kowacce da sabuntawarta da kalmar sirrinta da manhajar tuƙa makirfonta. Idan ESP32 ne, daga shafi guda na Home Assistant yake sabunta su duka ta Wi-Fi. Ba a batun cin wuta aka fi samun bambanci ba, domin Zero 2 W ma ba shi da ci sosai. A batun lokacin mai gida da natsuwarsa ne bambancin ke fitowa.

A da akwai babban gibi a hujjar masu ESP32, kuma adalci ne a faɗe shi. A 2023, shekarar da Home Assistant ta ware don aikin murya, na'urar da aka fi yayatawa ita ce ATOM Echo ta kamfanin M5Stack, mai dala 13. A lokacin ba ta iya gane kalmar kira da kanta, don haka sai ta riƙa tura sautin ɗaki zuwa uwar kwamfuta don a tace a can. Lissafin wannan a fili yake: sauti mai ɗauka 16,000 a daƙiƙa, kowace ɗauka bait biyu, ya kama kilobait 32 a daƙiƙa, wato kusan gigabait 2.8 a yini daga ɗaki guda idan ba a tsaya ba. Ga cunkoso a Wi-Fi, ga nauyi a kan uwar kwamfuta da ke ƙaruwa da kowace sabuwar na'ura, ga kuma rashin jin daɗin sanin cewa hirar iyali na yawo a iska ko da ba ta bar gida ba. A wancan lokacin mai Raspberry Pi yana da gaskiya idan ya ce nasa ya fi iya riƙe sirrin ɗaki a ɗaki. Amma a farkon 2024 Kevin Ahrendt ya fito da microWakeWord, wadda ke gane kalmar kira a cikin ESP32-S3 kanta, ta yadda ba a tura komai sai bayan an kira sunan. Daga nan babbar hujjar fifikon Linux ta rage kaifi, domin aikin da ake cewa sai kwamfuta ya zama abin da ƙaramin allo ke yi.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu kan manta idan gardama ta yi zafi, wato ingancin ji. Mafi yawan ƙorafin da ake yi kan na'urorin haɗin gida ba na jinkirin ƙwaƙwalwa ba ne, na rashin jin magana ne daga ɗaya ƙarshen ɗaki, ko kurumcewa da zarar an kunna talabijin ko fanka. Mafi wuya shi ne lokacin da na'urar ke magana ko kunna sauti da kanta: makirfonta na dab da lasifikarta, muryarta ta fi ta mai gida ƙarfi a kunnenta, sai an cire sautin da take fitarwa daga abin da take ji kafin ta ji wani. Wannan aiki na kashe amsa-kuwwa, da rage hayaniya, da daidaita ƙarfin murya, yana buƙatar lissafi mai tsananin kiyaye lokaci. Shi ya sa na'urar Voice Preview Edition, wadda Nabu Casa ta fitar a Disamban 2024 a kan dala 59, ta haɗa ESP32-S3 da wata ƙwaƙwalwa ta daban, XMOS XU316, wadda ba ta da aiki sai tace sautin makirfo biyu. Allon ReSpeaker mai makirfo biyu da aka saba ɗora wa Raspberry Pi ba shi da irin wannan matacin sauti, don haka dole a yi aikin da manhaja, ko a sayi makirfon USB mai nasa mataci wanda kuɗinsa kan ninka na allon kansa. Araha ba ta ado: ATOM Echo da Raspberry Pi mai makirfon banza duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Idan kuwa matacin sauti ne ke yanke hukunci, to ƙarfin Linux da ke bayansa ya zama kaya ne da aka biya kuɗinsa ba a amfana da shi.

Martani mafi nauyi daga masu Linux shi ne tsoron ɗaurewa. Suna tuna abin da ya sami masu amfani da Snips, kamfanin Faransa da ya yi alkawarin sarrafa murya ba tare da intanet ba, wanda kamfanin Sonos ya saye a Nuwamban 2019 aka rufe wa masu haɗa na'urori ƙofa. Suna tuna kamfanin Mycroft, wanda ya durƙushe a farkon 2023 ya bar masu na'urar Mark II suna neman mafita, har sai da masu sa-kai na OpenVoiceOS suka ci gaba da aikin. Suna cewa abin da ya ceci Mark II shi ne Raspberry Pi 4 ne a cikinta, don haka aka iya sauya mata manhaja. Wannan hujja ce ta gaske, amma darasin da ke cikinta ba na irin allo ba ne. Abin da ke ɗaure mutum shi ne rufaffiyar manhaja da dogaro da kwamfutocin kamfani. Echo ma ai ƙwaƙwalwarta ta fi ta ESP32 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma mai ita ba shi da ikon sauya mata komai. ESPHome kuwa buɗaɗɗiya ce, tun 2024 tana ƙarƙashin gidauniyar Open Home Foundation tare da Home Assistant da Piper, kuma duk mai wayar USB yana iya goge manhajar allonsa ya zuba wata. Wani abin lura ma shi ne, manhajar da ta gaji satalayit na Wyoming a kan Linux, wato Linux Voice Assistant, da ƙa'idar sadarwar ESPHome take magana da uwar kwamfuta. Ke nan hanyoyin biyu sun haɗu a kan ƙa'ida guda, kuma wannan ƙa'idar ce ya kamata mai saye ya tabbatar a buɗe take kafin ya dubi sunan allo.

Batun kalmar kira ma ana kawo shi. Voice Preview Edition ta fito da kalmomi uku, "Okay Nabu" da "Hey Jarvis" da "Hey Mycroft", kuma duka an fi gwada su da harsunan Turawa. Mai son kiran na'urarsa da sunan da ya dace da bakinsa zai ga hanyar openWakeWord ta fi tsufa kuma ta fi yawan jagorori. Wannan gaskiya ne, amma microWakeWord ma ana koya mata sabuwar kalma ta hanyar samar da dubban misalan furuci da muryoyin kwamfuta, kuma wanda ya dage sai openWakeWord yana iya gudanar da ita a uwar kwamfuta ya karɓi nauyin tura sauti da aka ambata. Zaɓin yana nan, farashinsa ne ya bambanta. A batun sirri kuwa, abin da ya fi kowace manhaja tabbaci shi ne makunnin da ke yanke wa makirfo wuta kai tsaye, irin wanda ke gefen Voice Preview Edition. Makunnin manhaja yana iya yin ƙarya idan an yi wa na'ura kutse, amma makirfon da ba wuta a jikinsa ba ya ji. Na'urar da za ta kwana a ɗakin barci, wannan makunni ya fi mata amfani a kan ƙarin ma'adana.

Idan an yarda na'urar ɗaki ta zama mai sauƙi, kuɗin da aka rage ina za su? Uwar kwamfuta ce ke buƙatarsu. Whisper, wadda OpenAI ta saki a Satumban 2022 bayan horar da ita da sa'o'i 680,000 na magana, tana zuwa da girma daban-daban, daga ƙarama mai ma'aunai miliyan 39 zuwa babba mai sama da biliyan ɗaya da rabi, kuma gwargwadon girma gwargwadon daidaiton ji da nauyin aiki. Bayanan Home Assistant sun nuna cewa a kan Raspberry Pi 4 umarni guda kan ɗauki kimanin daƙiƙa takwas, alhali a ƙaramar kwamfutar Intel NUC bai kai daƙiƙa guda ba. Ba wanda zai tsaya a bakin ƙofa daƙiƙa takwas yana jiran fitila. Shi ya sa ake ba da shawarar kwamfuta mai ƙarfin Intel N100 zuwa sama ga mai son komai ya gudana a gida, ko kuma Speech-to-Phrase da aka fitar a farkon 2025, wadda ke gane jimlolin umarni da aka tsara kawai, ta yi sauri a ƙaramar kwamfuta amma ba ta iya rubuta zancen da ba ta sani ba. Wani zai ce wannan tsari ya tara komai a wuri guda, idan uwar kwamfuta ta mutu duk ɗakuna sun kurumce. Amsar ita ce Zero 2 W ma ba zai iya ɗaukar Whisper da saurin da ake buƙata ba, kuma fitilun da ake son kunnawa dama ta hannun uwar kwamfutar suke bi. Kare kwamfuta guda da na'urar Wi-Fi da batir ko inbata ya fi sauƙi a kan kare biyar, kuma a garuruwan da ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, irin Kano ko Maraɗi, wannan lissafi ya ƙara ƙarfi: ƙananan alluna su mutu su tashi yadda suka ga dama, abin da ake tsaro guda ne.

Harshe shi ne dalili na ƙarshe, kuma ya shafi mai jin Hausa kai tsaye. Hausa na cikin jerin harsuna kusan 99 da Whisper ta lissafa, amma binciken da ya zo da manhajar ya nuna cewa daidaiton ji yana bin yawan sautin da aka horar da ita da shi, kuma Hausa na cikin masu ƙaramin rabo. Shirin MMS da kamfanin Meta ya fitar a 2023 ya ƙunshi harsuna sama da 1,100 har da Hausa, a ɓangaren ji da na furuci, sannan Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu sa-kai da Hausa. Jimlolin umarni na Home Assistant kuwa masu sa-kai ne ke rubuta su harshe bayan harshe. Duk wannan fage ne da ke sauyawa shekara bayan shekara, kuma kowane ci gaba a uwar kwamfuta zai sauka. Gidan da ya fara da Turanci ko Faransanci ko Larabci a yau, ranar da aka sami manhajar da ke jin Hausa sosai, wuri guda zai sabunta, na'urorin ɗaki su ci gaba da aikinsu ba tare da an taɓa su ba, domin su sauti suke ɗauka, ba ruwansu da harshen da ke cikinsa.

Wannan ba ya nufin Raspberry Pi ba shi da gurbi. A falon da ake son sauti mai kyau da allon kallo, ko wurin da Wi-Fi ba ya kaiwa sai an ja waya zuwa Pi 4, ko a hannun ɗalibin da burinsa shi ne koyon yadda abin ke aiki, Linux ne ya dace, kuma wanda ke da tsohon allo a ajiye ba shi da dalilin sayen sabo kafin ya gwada. Lasifikar Voice Preview Edition ƙarama ce, ta magana ce ba ta kiɗa ba, sai an jona mata wata ta ramin milimita 3.5, kuma sunanta ma ya nuna masu ita ba su ɗauke ta aikin da ya kammala ba. Abin da hujjojin suka tsayar shi ne jerin yanke shawara. A fara da harshen da za a yi magana da shi da kuma inda za a sarrafa shi, a sayi uwar kwamfutar da za ta iya, a tabbatar ƙa'idar sadarwar buɗaɗɗiya ce, sannan a zaɓi na'urar ɗaki mai matacin sauti da makunnin yanke makirfo. A sayi guda ɗaya tukuna, a gwada ta a ɗakin da ya fi hayaniya, fanka na juyawa yara na wasa, kafin a sayi sauran. Wanda ya bi wannan jeri, a mafi yawan ɗakunansa ESP32-S3 zai ƙare da shi, Raspberry Pi kuma ya zama na ɗaki ɗaya ko biyu da ke da buƙata ta musamman.